Waiwaye Adon Tafiya: Gurbin Tarihi a Kowane Ajin Jami'a



A kowace shekara 'ya'yanmu suna ƙara yawa a jami'o'in Gana. Wasu suna Legon, wasu suna Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah a Kumasi, wasu kuma suna Jami'ar Nazarin Raya Ƙasa ta Tamale. Suna fitowa likitoci da lauyoyi da injiniyoyi, wannan kuwa abin godiya ne. Sai dai akwai giɓin da muke gani a karatun nasu. Yaro zai shekara huɗu ko shida yana koyon wani fanni, ya haddace sunayen masanan Turai da suka gina shi, amma ya fito bai san yadda fannin ya rayu a ƙasar da zai yi wa aiki ba. An kulle tarihi a sashe guda na jami'a, wanda bai shiga wannan sashe ba kuwa sai ya ɗauka ba shi da rabo a ciki.

Wannan damuwa ta girmi yawancinmu. A watan Oktoba na 1963 Shugaba Kwame Nkrumah ya buɗe Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana, wadda aka kafa tun 1961, ya nemi a nazarci tarihin Afirka da al'adunta da idon 'yan Afirka. Daga wannan tushe ne nazarin Afirka ya zama darasin dole ga duk mai neman digirin farko a Legon, ko mene ne fanninsa. A shekarun nan ne kuma masanin tarihi Ivor Wilks, tare da Alhaji Usmanu Boyo na Kintampo, suka bi garuruwa suna aron littattafan hannu daga gidajen malamai, a ɗauki hotonsu, a mayar wa masu su. Ta haka aka tara ɗaruruwan rubuce-rubuce na Larabci da Ajami a Legon. An yi aiki mai kyau. Amma darasi ɗaya da ɗalibi zai ci jarrabawarsa ya wuce ba ya isa. Abin da muke kira gare shi shi ne malamin kowane fanni ya shigo da tarihin fanninsa cikin ajinsa. Bari mu kawo misalai daga abin da ya shafe mu.

Mu fara da tattalin arziki. A ƙarni na 19 Salga ce babbar kasuwar ƙasar Gwanja. Goro yana fitowa daga kurmin Asantawa, waɗanda kakanninmu ke kira Tonawa, fatake kuma suna zuwa daga Kano da Katsina da Sakkwato a ayari, madugu na gaba, ɗauke da tufafi da kanwa da kayan fata, su koma da goro a bayan jakuna, tafiyar watanni. Babu banki, ana cinikin da wuri, duk da haka bashi yana tafiya tsakanin garuruwa masu nisa. Mai gida ne ke saukar da baƙo, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya wa mai saye idan an ba shi bashi. Sunansa shi ne jinginarsa. Da Ingilishi suka ci Kumasi a 1874, Salga ta fita daga ƙarƙashin Asante, hanyar goro ta karkata zuwa Kintampo da wasu kasuwanni, sannan yaƙin basasar 1892 ya watse garin. Ɗalibin da aka koya masa wannan ya sami darasi biyu a zama ɗaya: yadda amana ke zama jari, da yadda kasuwar da ta dogara ga haja guda ke faɗuwa idan siyasa ta juya. A nan ne kuma zai san cewa an sayar da bayi a wannan kasuwa, gaskiyar da bai kamata mu ɓoye wa 'ya'yanmu ba.

Sai likitanci. Annobar mura ta 1918, wadda dattawa ke kira marisuwa, ta shigo ta bakin teku ta bi hanyoyin fatauci har arewa. Rahotannin likitocin mulkin mallaka suna nan, amma akwai wata shaida daga cikin gida. Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya zauna Salga kafin ya koma Kete-Karaci inda ya yi limanci har rasuwarsa a 1934, ya tsara ƙasida a kan wannan annoba. Likitan da ya karanta bayanin ɓangarorin biyu zai fahimci yadda jama'a ke kallon ciwo, da dalilin da wata unguwa ke karɓar ma'aikacin lafiya da ɗari-ɗari. A 1924 annobar da ɓeraye ke yaɗawa ta faɗa wa Kumasi, hukuma ta rushe gidaje a tsohon zango, aka gina sabo. Mutanen da aka taɓa rushe wa gida da sunan tsafta ba sa mantawa da wuri, kuma labarin yana bin jikoki. Wanda zai kai allurar rigakafi irin wannan unguwa yana bukatar wannan sani kamar yadda yake bukatar sanin magani.

Haka yake ga masu koyon zanen gini da tsara birane. Sabon Zango na Ankara, babban birninmu, Malam Baƙo ne ya kafa shi a farkon ƙarni na 20, ya raba filaye ga waɗanda suka biyo shi, aka gina gidaje bisa tsarin Hausa, da zaure a gaba da cikin gida na iyali. Injiniyan da zai fitar da titi ko magudanar ruwa a can, idan bai san yadda aka raba ƙasar ba da wanda ke da ta cewa a kanta, zai zana abin da ya yi kyau a takarda ya haifar da rigima a unguwa.

Fannin shari'a ya fi kowanne taɓa mu. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Firayim Minista Kofi Busia ta ba baƙin da ba su da takardar izinin zama mako biyu su bar ƙasa. Zanguna da dama sun girgiza, gidaje sun rabu, har waɗanda aka haifa a nan sun shiga tsoro saboda ba su da takardar da za su nuna. Dokar zama ɗan ƙasa ta shekarar 2000 kuwa tana auna mutum da lokacin haihuwarsa, ko kafin 6 ga Maris 1957 ko bayanta, da kuma inda aka haifi iyayensa ko kakanninsa. Wato tambayar "kai ɗan ina ne?" tambaya ce ta tarihi. Lauyan da bai san cewa Hausawa sun zauna Salga da Yendi tun kafin a shata iyakokin Gana ba, kuma bai san sun cika rundunar 'yan sandan da Turawa suka kafa a bakin teku har aka riƙa kiranta da sunansu ba, da wuya ya kare wanda aka tuhuma a kan sunansa kaɗai.

Wani zai ce manhaja ta riga ta cika, ina za a sa ƙarin kaya? Amsarmu tana cikin makarantunmu na zaure. Malami ba ya buɗe wa almajiri littafin fiƙihu ko nahawu sai ya faɗa masa wanda ya wallafa shi da zamaninsa. Idan almajiri ya sauke babban littafi kamar Muwaɗɗa ko Tafsirin Jalalaini, akan rubuta masa ijaza da silsilar malamai, wane daga wane, har zuwa marubucin. Ba a taɓa ware wa wannan wata rana ta daban ba, cikin karatun yake tafiya. Malamin jami'a ma zai iya yin haka: mako ɗaya ko biyu a zangon karatu, takarda ɗaya ta da a gaban ɗalibai, tambaya ɗaya a jarrabawa. Da tsohuwar zuma ake magani.

Amma kafin mu nemi jami'a ta yi nata, mu dubi namu. Littattafan hannu da wasiƙun fatauci da takardun filaye da na gado suna cikin akwatuna a gidajenmu, gara da damshi suna ci. Dattawan da suka ga 1969 da idonsu suna raguwa kowace shekara. Masu iya karanta Ajami da rubutun Magaribi su ma ba su ƙaruwa. Saboda haka muna roƙon sarakunan zango da limamai da magadan malamai su yarda a ɗauki hoton abin da ke hannunsu, asali ya zauna a gida. Muna roƙon makarantun Islamiyya su koya wa yara karatun Ajami. Ɗalibanmu na shekarar ƙarshe kuma, idan an ce ku zaɓi batun bincike, ku waiwayi unguwarku: mai karatun lissafin kuɗi ya binciki littafin bashi na wani mai gida a kasuwar shanu, mai karatun haɗa magunguna ya zauna da masu sayar da sassaƙe, mai karatun lauya ya duba yadda fada ke sasanta rikicin gado. Malamin jami'a ba zai koyar da abin da ba a rubuta ba, kuma babu wanda zai rubuta shi da sanin ciki kamar ku.

Duk wanda ke da tsohuwar takarda a gida, ko dattijon da ya kamata a naɗi maganarsa, ya sanar da fadar unguwarsa tun da sauran lokaci. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sanya albarka a karatun 'ya'yanmu.