Namijin Ƙoƙari da Haƙurin Mata

Duk wanda ya taɓa zaman yamma a Domayo, unguwar nan ta Marwa da ba ta kwanciya da wuri, ya san ana yabo da zagi a wurin da harsuna aƙalla uku. Masu moto na cacar baki da Fulatanci, 'yan makaranta na tsoma Faransanci, mahauta da masu tsire kuwa Hausa suke zubawa. Sunan unguwar ma daga Fulatanci ya fito, dow maayo, wato bakin kogi. To amma in mai karatu ya kasa kunne da kyau, zai ji harsunan nan uku sun haɗu a kan abu guda. In za a yaba wa mutum da ƙarfin zuciya, sai a ce masa namiji. In za a kushe shi da tsoro, sai a jingina shi da mace.

Mu fara da namu. Wanda ya yi abin a zo a gani ya yi namijin ƙoƙari. Tsofaffin mayaƙa mazan jiya ne, na yanzu mazan fama. Wanda ya sha kashi an ce ya ji maza. Samari in sun haɗu, gaisuwarsu ke nan: "Mazaje!" Karin magana ta ce namiji barkono ne, sai an tauna ake sanin yajinsa. A ɗaya ɓangaren kuma, yaron da ya yi kuka sai ka ji an daka masa tsawa, "Kai mace ne?" Mai tausayi da yawa an ce zuciyar mata gare shi. Wanda ke shawara da iyalinsa mijin-ta-ce ne. Mai cika baki zai rantse cewa in bai yi kaza ba a ɗaura masa zane. Kuma an ce ƙarfin mata sai yawan magana.

Maƙwabtanmu Fulani haka abin yake a wurinsu. Namiji gorko ne, kuma daga wannan tushe aka samo ngorgu, jarunta, ɗaya daga cikin ginshiƙan pulaaku tare da semteende, wato kunya, da munyal, wato haƙuri, da hakkiilo, wato hankali. Bafaranshe na kiran matsoraci femmelette, 'yar ƙaramar mace. Balarabe ya ciro rujula daga rajul. Mutanen Rum na dā sun ciro kalmarsu ta nagarta, virtus, daga vir, namiji. Ke nan ba mu kaɗai ba ne. Sai dai zaman cutar gama-gari ba ya mai da ita lafiya, kuma kowace ƙasa da hanyar da ta bi ta kamu. Tamu ta biyo ta kan doki.

Wajajen 1809 Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, aka kafa daular Fombina, wadda daga baya ta ɗauki sunansa ta zama Adamawa. A 1841 ya zauna a Yola. Garwa da Marwa da Ngaundere da Rai Buba duk suka zama lamidoji a ƙarƙashin wannan inuwa. Kusan shekara ɗari arzikin waɗannan fadoji yana rataye ne a kan mahayan dawaki: su ke kai hari, su ke kawo ganima, su ke tsare hanyar fatake. Fadar ta aro sarautu daga Hausa da Barno, irin su Sarkin Yaƙi da Galadima da Kaigama, ta aro algaita da kakaki, ta kuma aro maroƙa masu kirari da Hausa, waɗanda har gobe za ka ji muryarsu ranar hawan salla. Aikin maroƙi a gaban mayaƙi abu biyu ne: ya zuga shi, ya kuma tsoratar da shi da abin da za a kira shi in ya juya baya. Kunyar a kira ka mace a gaban fada wani makami ne, kamar mashi da sulke, kuma ya fi su araha.

Akwai abin da kirarin ba ya faɗa, amma wani ya rubuta shi da kansa. Hamman Yaji, hakimin Madagali a gindin duwatsun Mandara, ya ajiye littafin abubuwan da yake yi kullum daga 1912 zuwa 1927, shekarar da Ingilishi suka kama shi. An buga fassararsa a Amurka a 1995. A ciki yana lissafa hare-haren da yake tura mutanensa ƙauyukan kan dutse, da yawan shanun da aka koro, da yawan bayin da aka kamo, kuma da yawansu mata ne da 'yan mata. Lissafi yake yi irin na ɗan kasuwa, ba fushi ba nadama. A wannan duniyar mace ba abokiyar gaba ba ce da za a gwada ƙarfi da ita, ita ce ladan wanda ya ci yaƙi. Harshen da ya girma a irin wannan gida, ina zai koyi kiran ta jaruma?

Sai ga ranar da doki ya daina amfani. A Satumba 1901 Ingilishi suka ci Yola, Lamido Zubairu ya fita. Ya tara runduna ya kara da Jamusawa a Garwa a watan Nuwamba, aka fi ƙarfinsa. Ya nausa arewa ya haɗu da mayaƙan Marwa, a Janairu 1902 suka tari sojojin Hans Dominik a wajen Miskin, nan kusa da gari. Mahaya sun yi abin da aka raine su a kai, suka sako dawaki gaba gaɗi, bindiga mai ruwa ta yi musu kaca-kaca. Ba a rasa maza ba a ranar. Mazantakar ce ba ta da abin da za ta yi wa harsashi. Zubairu ya sake ja da baya, yana yawo a dazuka har aka kashe shi a 1903, shekarar da Sarkin Musulmi Attahiru ya bar Sakkwato ya yi shahada a Burmi.

Ku lura da wani abu a nan. Sau uku Zubairu yana barin fagen fama, kuma babu mai hankalin da zai ce masa matsoraci. Ni ma ban ce ba, don mutum ne da ya ƙi miƙa wuya har ya mutu. Abin da nake nunawa shi ne harshe ya tanadar wa namiji mafita. Fitarsa hijira ce, ko dabarar yaƙi. An ce ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. Wani abin dariya ma, a rubuce ba ka bambanta ragon layya mai karo da ragon namiji mai gudun aiki, sai a baki, sai kuma wanda mai magana ya ga damar nufi. Namiji in ya gudu ana nema masa suna mai kyau. Mace ko ta tsaya, sai an yi ta kame-kamen sunan da za a ba tsayuwar tata.

Ga misali. A Afrilu 1899 rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine, wadda ta bi ƙasar Hausa ta Nijar tana ƙone garuruwa, ta iso Lugu a ƙasar Arewa. Sarauniya Mangu ta tare su da 'yan baka. Sun ci garin, amma sai da suka ji jiki. Ragowar wannan runduna ce, a hannun Joalland da Meynier, ta ƙaraso Kusiri ta shiga yaƙin da aka kashe Rabe ranar 22 ga Afrilu 1900, don haka labarin ya shafe mu nan Kamaru kai tsaye. To yaya ake ba da labarin Sarauniya a bakin mutane? Galibi a ce matsafiya ce, asiri gare ta. Rabe jarumi, ita kuwa mai tsafi, alhali shi ma ba a rasa layu a jikin mayaƙansa ba. Amina ta Zazzau, wadda Tarihin Kano da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello duk suka ambaci yaƙe-yaƙenta, wadda har yau ake kiran tsofaffin ganuwoyi da sunanta, babban yabon da aka iya yi mata shi ne mace mai kamar maza. Nan kusa da mu, tarihin baka na Mandara ya ce wata sarauniya mai suna Sukda ce tushen daular tare da wani maharbi baƙo, Gaya. Yara nawa ne a Mora suka san sunanta?

Mace mai kamar maza. Kallabi tsakanin rawuna. Mutane na faɗin waɗannan da kyakkyawar niyya, na sani, kuma matan da aka faɗa wa sukan yi murmushi. Amma a duba abin da ke cikin yabon: an ce kin yi fice ne domin kin fita daga jinsinki. An ɗaga mace ɗaya, an danne sauran da ita. Muna da jaruma, muna da gwarzuwa, nahawu bai hana mu komai ba. Sai dai a yau in ka ce "jaruma" a gidan rediyo, mai sauraro zai ɗauka labarin 'yar fim ɗin Kano za ka kawo.

Inda abin ya fi ci mini rai shi ne wurin haihuwa. Hausawa da bakinsu suka ce haihuwa yaƙin mata. Sun san yaƙi ne, sun san ana mutuwa a cikinsa, kuma a ƙauyukan arewacin Kamaru, inda asibiti ke da nisa, damina kuma ta yanke hanya, har yanzu ana mutuwar. Al'adar Hausa da ta Fulani duk suna son mai naƙuda ta danne, kada a ji ihunta, musamman a haihuwar fari. Yanzu a kwatanta da saurayin da ya tsaya a filin sharo, aka zabga masa bulala bai motsa ba. Abu ɗaya suka yi: jiki ya ce a yi kuka, zuciya ta hana. Shi an ce ya nuna ngorgu, a yi masa guɗa, ya sami mata. Ita an ce tana da kunya, ta yi munyal. Nasa jarunta, nata haƙuri. Bambancin kuwa ba ƙarami ba ne, domin jarunta ana biyan ta da girma da sarauta da kirari, haƙuri kuma ana biyan sa da ƙarin abin da za a yi haƙuri da shi. Jarumi in ya ce ya isa, an ce ya motsa. Mai haƙuri in ta ce ya isa, an ce haƙurinta ya ƙare, ta zubar da ladanta.

Wannan kalma ce Djaïli Amadou Amal, haifaffiyar Marwa a 1975, ta ɗauka ta sa wa littafinta na 2017 suna, Munyal. Da aka sake fitar da shi a Faransa a 2020 da sunan Les Impatientes, wato marasa haƙuri, ya ci kyautar Goncourt ta 'yan makarantun sakandare. Labarin mata uku ne da duk inda suka juya, daga ranar aure har ranar duka, kalma ɗaya ake maimaita musu. Masu cewa ta tona asirin gida ba su musa cewa haka ake faɗa ba.

Wani zai ce addini ne ya raba aikin haka. Addini ya ɗauke wa mata wajabcin fita yaƙi, gaskiya ne, amma bai ce ba su da zuciya ba. Wadda ta fara shahada a Musulunci mace ce, Sumayya. Ranar Uhudu, lokacin da sahu ya watse, Nusaiba 'yar Ka'abu tana cikin waɗanda suka tsaya suna kare Manzon Allah (SAW) har ta sha raunuka. Malamanmu na karanta wannan a majalisi, mu fito mu ce wa yaro kada ya yi kuka kamar mace.

Yulin 2015 ya isa ya sa mu sake auna kalmomin nan. Ranar 22 ga wata bama-bamai suka tashi a babbar kasuwar Marwa da unguwar Barmare, ranar 25 wani ya tashi a Pont Vert da dare. 'Yan mata ne aka ɗaura wa bama-baman, ta ƙarshen ma yarinya ce ƙarama. Waɗanda suka ɗaura musu suna can cikin daji, ƙarti masu gemu da bindiga, masu fitowa a bidiyo suna cika bakin mazantaka. A cikin wannan watan aka hana sa niƙabi a jihar, aka shiga binciken mata a ƙofar kasuwa, kowace yarinya mai hijabi ta zama abin tsoro. Duk da haka matan da ke gasa kifi a bakin titin Domayo da masu tallan ganye a kasuwa suka koma wuraren sana'arsu, don in ba su fita ba tukunya ba za ta hau wuta ba. An yaba wa sojoji da 'yan sintirin ƙauyuka, kuma sun cancanta, da yawansu sun ba da rayukansu. Su matan kuwa an ce Allah ya ba su haƙuri.

A cikin garin nan Aïssa Doumara ta yi shekaru tun 1996 tana karɓar 'yan matan da suka gudo daga auren dole, daga baya har da waɗanda suka kuɓuto daga hannun Boko Haram. Ranar 8 ga Maris 2019 ta zama ta farko da aka ba kyautar Simone Veil a Faris. A 2021 Marthe Wandou, 'yar wannan jiha, ta karɓi kyautar Right Livelihood saboda aikin kare yara mata. Irin wannan labari in ya iso ɗakin labarai da Faransanci, kalmar courage na ciki, kuma mai fassara yana da 'yan mintoci kafin a kunna masa makirfo. Abin da ke fara zuwa bakinsa shi ne "ta yi namijin ƙoƙari". Akwai ƙarfin hali, akwai ƙarfin zuciya, akwai bajinta da juriya da tsayuwar daka, babu ɗayansu da ke da gemu ko kallabi. A shirina "bajinta" nake sawa in aikin na rana ɗaya ne, "tsayuwar daka" in na shekaru ne irin na Aïssa. Na yarda ba su kai "namijin ƙoƙari" daɗi a kunne ba, don shi ya daɗe ana tauna shi, kuma wasu abokan aiki na ganin tsaurin ido ne mai gabatarwa ya tsaya tace abin da kakanni suka bari.