Inji Mai Biyayya: Tarihin Yadda Aka Sa wa Moto Linzami



Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan injin ɗinkin nan mai kwamfuta yana kallon yadda yake fitar da aska a gaban babbar riga, ko ya shiga masana'antar da ake ɗura lemo a kwalba, ya ga abin da ya isa a yi mamakinsa. Ƙarfe ne ke gudu kamar walƙiya, sa'an nan ya tsaya cak a daidai inda aka umurce shi, ya sake tashi, ya sake tsayawa, har sau dubbai, ba ya zarcewa, ba ya gazawa. Abin da ke yin wannan aiki shi masu sana'a ke kira sarbo. Sassa uku ke gare shi: moto, watau injin da wutar lantarki ke juyawa, irin na fanka ko na injin niƙa, sai ma'aunin da ke faɗin inda moton ya kai, sai akwatin tuƙi, wanda ke karɓar umurni, ya karɓi rahoton ma'auni, ya gwada su, ya ba moto wuta gwargwadon giɓin da ya gani tsakaninsu.

Abin da nake so in nuna a wannan lacca shi ne, ɗan Adam ya daɗe da samun ƙarfin inji, amma ya yi fiye da shekara ɗari yana neman yadda zai sa wannan ƙarfi ya yi masa biyayya. Doki ko ya kai ina da ƙarfi, in ba linzami, mahayinsa ne zai fara shan wuya. Kuma tarihin wannan linzami ya nuna cewa duk inda saninsa yake, nan mulkin masana'anta yake.

Zamanin tururi

A shekarar 1788 James Watt ya ɗora wa injinsa na tururi wata na'ura da ya aro daga masu injinan niƙan hatsi na Ingila. Dunƙulen ƙarfe ne guda biyu a rataye jikin sanda mai juyawa. In inji ya ƙara gudu, sai dunƙulen su buɗe, su rage ƙofar tururi. In ya rage gudu, sai su sauko, ƙofar ta buɗe. Wannan ita ce na'urar da makanikanmu na janareta ke kira gwamna har yau. Muhimmancinta shi ne, inji ya soma jin labarin aikinsa, yana gyara kansa da kansa.

To, amma an sami wata cuta. Wani lokaci gwamnan kan yi gyara ya wuce gona da iri, sa'an nan ya dawo ya sake wucewa ta ɗaya gefen, inji ya shiga lilo, gudu na hawa yana sauka. James Clerk Maxwell ya zauna ya yi wa wannan cuta lissafi, a wata maƙala da ya gabatar a Landan a 1868. Ya nuna cewa akwai sharuɗɗan da in sun cika lilon zai kwanta, in kuwa ba su cika ba zai yi ta ƙaruwa. Daga nan aka gane cewa gyara ma yana da ƙa'ida, kuma gyaran da ya zo a makare ko ya yi yawa ɓarna yake ƙarawa.

Gwamna gudu kaɗai yake tsarewa. Buƙatar injin da zai je wani matsayi ya tsaya a teku ta taso. Jiragen ruwa sun girma har ta kai ƙarfin mutane ba ya isa juya wutsiyar jirgi, watau allon nan na baya da ke karkata shi, musamman in teku ta yi fushi. Jirgin Great Eastern, wanda aka jefa ruwa a 1858, tsawonsa ya kai mita 211. A 1866 wani injiniya mai suna John McFarlane Gray ya yi rajistar injin tururi na tuƙi, aka kuma ɗora shi a wannan jirgi. Hikimarsa ita ce, matuƙi na murza sitiyari sai ƙofar tururi ta buɗe, wutsiya kuwa tana juyawa tana rufe ƙofar sannu a hankali, ta yadda in ta kai inda matuƙi ya nufa, tururi ya yanke. Hannu guda ya zama yana yin abin da ya gagari ƙarti.

Sunan da muke amfani da shi a yau daga Faransa ya fito. A 1873 Joseph Farcot ya buga littafi a kan irin wannan inji, ya raɗa masa suna servo-moteur, daga kalmar Latin da ke nufin bawa ko bara. Watau inji ne da ke bin hannun maigidansa sau da ƙafa.

Shigowar lantarki da lissafi

Da moton lantarki ya shiga masana'antu, matsalar ta sake salo. Kunna moto abu ne mai sauƙi, amma rage masa gudu ko juya shi baya cikin natsuwa, yana ɗauke da kaya mai nauyi, wannan ya ba da wahala. A 1891 Harry Ward Leonard, Ba'amurke, ya kawo mafita: moto guda ya juya janareta, janaretan ya ba moto na biyu wuta, mai aiki kuwa ya riƙa sarrafa 'yar ƙaramar wutar da ke ba janaretan ƙarfin maganaɗisu. Da wannan aka tafiyar da injinan murza ƙarfe, da na hawa bene, da na fito da kaya daga ramin ma'adinai, har shekaru masu yawa. Aibinsa shi ne tsada da cin wuri, domin inji uku ake saye a yi aikin guda.

A 1922 Nicolas Minorsky, haifaffen Rasha da ke aiki a Amurka, ya buga nazarinsa a kan tuƙin jirgi ba da hannu ba. Ya lura da ƙwararrun matuƙa, ya ga abu uku suke dubawa: yawan kaucewar da jirgi ya yi yanzu, da daɗewar da ya yi a kauce, da saurin da kaucewar ke ƙaruwa ko raguwa. Ya mai da waɗannan abubuwa uku lissafi, aka gwada a jirgin yaƙi New Mexico a 1923. Rundunar ruwan Amurka ba ta karɓi na'urar ba a lokacin, amma wannan lissafi nasa yana cikin kusan kowane akwatin tuƙi da ake sayarwa a yau. Ina so ɗalibai su lura da wannan wuri, domin a nan an kwashe gwanintar ma'aikaci an zuba ta cikin na'ura.

Ta wani ɓangaren kuma, injiniyoyin wayar tarho na kamfanin Bell sun ci karo da wannan matsala ta lilo a na'urorinsu na ƙara ƙarfin murya. Harold Black ya gano dabarar mayar da wani kaso na abin da ya fita zuwa mashiga a 1927, Harry Nyquist kuma ya kawo hanyar gane ko na'ura za ta natsu ko za ta yi lilo a 1932. A 1934 Harold Hazen na jami'ar fasaha ta MIT ya rubuta nazari a kan sarbo musamman. Yaƙin Duniya na Biyu ne ya haɗa waɗannan mutane a ɗaki guda. A 1940 Gordon Brown ya kafa ɗakin binciken sarbo a MIT, babban aikinsa kuwa shi ne sa manyan igwa su bi jirgin sama mai gudu. Da Jamus ta soma jefa wa Landan bama-bamai masu tashi da kansu, V-1, a watan Yuni na 1944, sai aka haɗa na'urar rada da injin lissafi da igwa mai sarbo. Kafin ƙarshen watan Agusta, mafi yawan waɗanda suka shigo inda igwa ke kaiwa ana kakkaɓo su.

Daga fagen fama zuwa masana'anta

Bayan yaƙi, John Parsons, mai kamfanin ƙera fikafikan jirgi mai saukar ungulu a jihar Michigan, ya yi tunanin a riƙa ba injin sassaƙar ƙarfe umurni da lambobi. Rundunar saman Amurka ta ba shi kwangila a 1949, aikin ya koma ɗakin binciken nan na MIT, a 1952 kuma aka nuna inji mai sassaƙa ta fuska uku, yana karanta umurni daga tef na takarda mai huje-huje.

Wannan nasara ta zo da tambayar da ba ta lissafi ba ce. Kafin nan, ƙwararren mai sassaƙa shi ke karanta zane, shi ke yanke shawarar gudu da zurfin yanka. Yanzu shawarar ta koma ofis, wurin mai rubuta tef. Masanin tarihi David Noble, a littafinsa Forces of Production na 1984, ya kawo hujjar cewa akwai wata hanya da aka gwada, wadda inji ke naɗar motsin hannun gwani ya maimaita, amma aka bar ta, kuma a ganinsa ɗaya daga cikin dalilan shi ne son shugabannin kamfani su raba ma'aikata da iko a kan aiki. Ko mun yarda da shi ko ba mu yarda ba, tambayarsa tana nan: in inji ya zama bawa, wa ya zama maigida?

Abin da ya rage shi ne a ƙanƙantar da akwatin tuƙi, a sauke farashinsa. An ƙirƙiro tiransisto a 1947, kamfanin General Electric kuma ya fito da makunnin nan na silikon mai ɗaukar wuta mai yawa, tairisto, a 1957, wanda a hankali ya kori tsarin Ward Leonard. A Japan, sashen da Seiuemon Inaba ya jagoranta a kamfanin Fujitsu ya zama kamfanin Fanuc a 1972. Da farko motocinsu da matsin mai suke aiki. Bayan tashin farashin man fetur na 1973 sai suka koma na lantarki zalla, da lasisin da suka karɓo daga kamfanin Gettys na Amurka a 1974. A wannan shekara ce kuma kamfanin ASEA na Suwidin ya shigo kasuwa da mutum-mutumin masana'anta mai aiki da lantarki, IRB 6.

Motocin wancan lokaci masu cin wuta irin ta batir ne, suna da burushin gawayi mai cinyewa, mai tartsatsi. Moto mai cin wuta irin ta layin gari ya fi ƙarko, sai dai ya fi taurin kai. Injiniyoyi biyu a Jamus, Karl Hasse a Darmstadt da Felix Blaschke na kamfanin Siemens, su suka samo lissafin horar da shi tsakanin ƙarshen shekarun 1960 da farkon 1970: a raba wutar da ke shiga moto kashi biyu a lissafe, kashin da ke yin maganaɗisu da kashin da ke yin juyi, a sarrafa kowanne daban. Lissafin ya fi ƙarfin na'urorin lokacin, sai da ƙananan ƙwaƙwalen kwamfuta suka yi arha a shekarun 1980 ya shiga kasuwa. A farkon waɗannan shekaru ne kuma Masato Sagawa a Japan da John Croat a Amurka, kowa a nasa ɓangaren, suka samar da maganaɗisun neodimiyam, wanda ya sa ƙaramin moto ya yi ƙarfin babba. Akwatin tuƙi na yau yana duba wuta da gudu da matsayi, yana gyara sau dubbai a cikin daƙiƙa guda, ma'auninsa kuwa yakan raba juyi ɗaya kashi fiye da miliyan.

Kammalawa

Jama'a, waiwaye adon tafiya. Daga Watt zuwa yau ƙa'idar guda ce: a ba da umurni, a karɓi rahoton gaskiya a kan lokaci, a yi gyara daidai da giɓi. Ma'aikatan da ke cikin wannan zaure sun san abin da ke samun ma'aikatar da rahotonta ke zuwa a makare.

Darasi na biyu ya fi shafarmu. Manyan masu ƙera waɗannan akwatuna suna Japan da Jamus da Amurka da Sin, mafi yawan maganaɗisun kuma daga Sin yake fitowa. Mu saye muke yi. Wutar da ke hawa tana sauka babbar abokiyar gabar akwatin tuƙi ce, kuma in ya ƙone a masana'antar da ba ta da wanda ya san cikinsa, duk layin aiki sai ya tsaya, ma'aikata su zauna jiran kaya daga ƙetare. Saboda haka, jami'in da zai sa hannu a takardar sayen inji ya kamata ya tambayi wa zai saita shi, wa zai gyara shi, ina kayan gyara, kuma nawa aka ware don horar da mutanenmu. Ɗalibin injiniya kuwa kada ya raina darasin lissafin sarrafa na'ura don ya ga ba maiƙo a cikinsa, domin Maxwell da Minorsky da Blaschke da alƙalami suka yi nasu aikin. Magabata sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.