Janye Kariya da Warware Mubaya'a: Sake Duban Shelar 'Yancin Amurka ta 1776

Yankuna goma sha uku na Turawan Birtaniya da ke gaɓar gabashin Amurka ta Arewa sun shafe fiye da shekara suna yaƙi da sojojin Sarki George na Uku kafin su fita daga mulkinsa. An fara musayar wuta a Lexington da Concord ranar 19 ga Afrilu, 1775, amma wakilansu da ke taro a Philadelphia ba su amince da shelar 'yanci ba sai 4 ga Yuli, 1776. Dalilin wannan jinkiri na fiye da wata goma sha huɗu shi ne abin da maƙalar nan ta sa a gaba.

Bayanin da ya fi yawo shi ne na haraji: bashin yaƙin da ya ƙare a 1763, harajin hatimi na 1765, da akwatunan ganyen shayi 342 da aka zubar a tashar jiragen ruwan Boston a 1773. Akwai gaskiya a ciki, sai dai bai kai gaci ba. An soke harajin hatimi tun 1766, kuma da majalisar dokokin Landan ake ta wannan sa-in-sa, sarki kuwa ana ganin girmansa. Masanin tarihi Bernard Bailyn, a littafinsa na 1967, ya jingina lamarin ga tsoron makircin danne 'yanci, amma tsoron ya daɗe a zukata ba tare da ya raba kowa da sarauta ba. Pauline Maier ce ta fi kusantar amsa a 1997, da ta nazarci kudurorin neman 'yanci na garuruwa da gundumomi kimanin casa'in.

Hanyar binciken ita ce jera matakan Landan da na Philadelphia bisa kwanan wata, a ga wanne ya haifi wanne.

A Yulin 1775, bayan jini ya riga ya zuba, wakilan suka aika wa sarki takardar roƙon sulhu suna jaddada biyayyarsu. Sarki bai karɓe ta ba, kuma ranar 23 ga Agusta ya ayyana su 'yan tawaye. A Disamba majalisar Landan ta zartar da dokar da ta haramta duk wani ciniki da yankunan, ta kuma halatta kame jiragen ruwansu da kayan ciki a matsayin ganima, tamkar na abokan gaba. A nan gizo ke saƙar. A fahimtar shari'ar Ingila ta wancan zamani, mubaya'ar talaka da kariyar sarki ɗanjuma ne da ɗanjummai, idan ɗaya ta faɗi ɗayar ba ta da madogara. Ɗan kasuwar Philadelphia da jirginsa ke ɗauke da garin alkama ya wayi gari sojan ruwan sarkinsa na farautar dukiyarsa da izinin doka. John Adams, ɗaya daga cikin wakilan, ya ɗauki dokar da kanta a matsayin shelar 'yanci da Landan ta yi musu.

Labarin dokar ya iso Amurka a ƙarshen Fabrairun 1776, daga nan abubuwa suka bi juna da sauri. A Maris wakilan suka ba jiragen 'yan kasuwa izinin kame na Birtaniya, ranar 6 ga Afrilu aka buɗe tashoshi ga sauran ƙasashe. Labarin sojojin haya daga Jamus ya ƙara wa wutar fetur. Ranar 7 ga Yuni Richard Henry Lee na Virginia ya gabatar da kudurin rabuwa, ranar 2 ga Yuli yankuna goma sha biyu suka amince, New York ta ƙaurace wa ƙuri'a. Takardar shelar da Thomas Jefferson ya tsara ta tabbatar da wannan fahimta: ƙorafe-ƙorafenta 27 kan sarki ta ɗora su, ba ta ambaci majalisar Landan da suna ba, kuma ta ce sarkin ya sauke mulki da kansa tun da ya cire su daga kariyarsa.

Dole a yarda cewa littafin Thomas Paine, Common Sense, na Janairun 1776, ya yi tasiri kafin labarin dokar ya iso, haka ma neman taimakon Faransa. Takardun da aka duba kuma na masu dukiya ne da ilimi. Ba su ɗauke da muryar bayin da gwamnan Virginia, Dunmore, ya yi wa alkawarin 'yanci a Nuwamban 1775 idan suka bi sarki, ko ta waɗanda suka riƙe mubaya'arsu har ƙarshen yaƙin a 1783.