Bindigar Fim da Bindigar Fagen Fama



'Yar uwa mai karatu, na san za ki ce me ya haɗa mace da zancen bindiga, mu da aka sani da girki da raino? To ai haɗin ya daɗe da faruwa, tun ranar da finafinan yaƙi suka shigo mana ɗaki. Duk gidan da ake kallonsu, da an watse za ki ga yara sun ɗauki kara ko muciya suna harbin juna a tsakar gida. Shi ya sa na ga ya dace mu dubi ita bindigar da suke kwaikwayo, yadda fim yake nuna ta, da kuma yadda tarihi ya same ta a hannun waɗanda suka riƙe ta da gaske.

Ni dai a lurata, bindigar fim hali uku gare ta: harsashinta ba ya ƙarewa, ba ta da nauyi, kuma ba ta cijewa. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Mu fara da harsashi. Bindigar da ta fi kowace suna a duniya ita ce AK-47. Wani sajan na tankar yaƙi a Tarayyar Sobiyet, Mikhail Kalashnikov, shi ya ƙirƙiro ta. An ji masa rauni a yaƙi da Jamus a 1941, daga nan ya koma aikin ƙera makamai. Samfurin 1947 ne ya ba ta suna, sojan ƙasarsa kuma suka karɓe ta a 1949. Gidan harsashinta guda 30 yake ci, tana kuma ɓarin kimanin 600 a minti ɗaya. Ki yi lissafi da kanki. Idan mutum ya danne kunamar bai saki ba, cikin daƙiƙa uku ta zama fanko. Kafin ki barbaɗa gishiri a miya ki juya, an gama. Amma jarumin fim sai ya yi ta luguden wuta har ki je ki duba tukunya ki dawo bai sake gidan harsashi ba.

Sai nauyi. Wadda ta kalli Rambo na biyu, fim ɗin 1985, ta ga yadda Sylvester Stallone ya rungumi bindiga mai jigida shi kaɗai yana ɓarin wuta. Ita wannan bindiga, M60, samfurinta na asali ya haura kilo 10, ban da jigidar harsashin, kuma a yaƙin Biyetnam mutum biyu ko uku ke hidimarta: mai harbi, da mataimaki, da mai dakon harsashi. Bututunta kan yi zafi har sai an cire an sa wani, da safar hannu ta musamman. Na fim ɗin Predator na 1987 ya fi ban mamaki. Bindigar nan mai baki shida da wani ƙato yake yawo da ita a daji, asalinta a jikin jirgi mai saukar ungulu ake ɗaura ta, kuma da lantarki take aiki. Wayar wutar ɓoye ta aka yi don kada mai kallo ya gani.

Na ukun shi ne wanda ya fi sosa mini rai, domin an yi asarar rayuka a kansa. Lokacin da Amurka ta tsunduma yaƙin Biyetnam, ta raba wa sojojinta sabuwar bindiga mai suna M16, wadda Eugene Stoner ya ƙirƙiro. Mara nauyi ce, ga sauri. Sai dai a 1964 aka sauya irin albarushin da ake zubawa a harsashinta, aka bar wanda aka gwada ta da shi. Ke da kike girki da risho kin san abin da gurɓataccen kalanzir yake yi: hayaƙi, baƙin tukunya, lagwani ya toshe. To haka sabon albarushin ya yi wa cikin bindigar, ya ƙara mata gudu fiye da kima, ya kuma tara mata dauɗa. Ga Biyetnam ƙasar ruwa da laima, tsatsa ta samu wurin zama, saboda ba a lulluɓe mazaunin harsashin da ƙarfen da ke hana tsatsa ba. Abin takaici, da yawan sojojin ba a ba su kayan goge ta ba, an bar su da zancen wai bindiga ce mai wanke kanta. Don Allah, wane keken ɗinki ne yake yi wa kansa mai?

Sakamakon ya bayyana a 1967, a faɗan da aka yi kan tsaunukan da ke kusa da Khe Sanh. Soja ya yi harbi, kwanson ya maƙale a ciki, ba yadda zai yi sai ya zura tsinken ƙarfe ta bakin bindigar ya turo shi waje, alhali ana yi masa ruwan wuta. An tarar da gawarwakin samari kusa da bindigoginsu da suka cije. Wasiƙar da wani soja ya aiko gida a kan haka har a zauren majalisar dokokin Amurka aka karanta ta. Kwamitin da ɗan majalisa Richard Ichord ya jagoranta ya yi bincike, ya fitar da rahoto a watan Oktoba na shekarar, ya ɗora wa rundunar sojan laifin sakaci. Sannan aka gyara bindigar, aka raba kayan gogewa, har da ɗan littafi mai zane-zane a 1968 da ke koya wa soja tsabtace ta. Amma fa wanda ya tafi ya tafi. Kowane ɗayansu akwai uwar da ta ɗauki cikinsa wata tara.

Ba zan yi wa masu fim kuɗin goro ba, akwai waɗanda suka kamanta gaskiya. A fim ɗin Saving Private Ryan na 1998, wanda Steven Spielberg ya shirya kan Yaƙin Duniya na Biyu, za ki ga bindigar M1 Garand mai cin harsashi takwas, da sun ƙare sai ta cillo ɗan ƙarfen da ke riƙe su da wata 'yar ƙara. A faɗan ƙarshe ma harsashi ne ya ƙare wa masu bindiga mai jigida, wanda aka sa dakonsa kuma tsoro ya daskarar da shi a kan matakalar bene, aka kashe 'yan uwansa yana ji. Har yanzu akwai abin da allo ba zai iya kawo miki ba, wato ƙarar. Jarumin fim yana gama harbi zai juya ya yi raɗa da budurwarsa. A zahiri kuwa, ƙugin kunne shi ne larurar da tsofaffin sojojin Amurka suka fi karɓar diyya a kanta.

Shi kansa Kalashnikov, kafin ya rasu a watan Disamba na 2013 yana da shekara 94, ya rubuta wa shugaban cocin Rasha wasiƙa, yana tambaya ko alhakin waɗanda bindigarsa ta kashe yana wuyansa. Kin ji wanda ya ƙera ta ke nan. Ita ce kuma dai muke jin sunanta a labaran 'yan bindigar da suka addabi ƙauyukan Zamfara da Katsina.

Don haka 'yar uwa, ni ban ce ki hana yaranki kallo ba, sai dai ki zauna tare da su. Idan jarumi ya fara ɓarin wuta, ki ce su ƙirga harsashin. Ki tambaye su, waɗannan da suke zubewa kamar fara, ina iyayensu, ina matansu? Ki gaya musu kallon kitse suke yi wa rogo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya tsare mu da jin ƙarar bindiga a ƙofar gidajenmu. Amin summa amin.