Daga Zubairu Zuwa Musaddiƙ: Waiwaye Kan Juyin Mulki Daga Waje

Duk lokacin da aka ta da zancen juyin mulkin da manyan ƙasashe ke ɗaure wa gindi, hankalin ɗalibanmu yakan tafi can Iran ko Kongo. Alhali kuwa ga misali nan a ƙofar gidanmu, tsakanin gaɓar Binuwai a Jimeta da fadar Lamiɗo a Yola.

A ranar 2 ga Satumba, 1901, Kanar Morland ya iso da dakarunsa cikin jiragen ruwa, lokacin da kogi ya cika ya batse. Kafin faɗuwar rana sun ci garin. Lamiɗo Zubairu, wanda ya hau gado a 1890, ya fice, Turawa kuma suka naɗa ɗan'uwansa Bobbo Ahmadu. Abin lura shi ne ba su rushe sarautar ba. Kanta kawai suka sauya, suka sa wanda suke zaton zai ji maganarsu. Wannan shi ne ainihin salon da aka maimaita a Iran a 1953, sa'ad da Amurka da Ingila suka kifar da Musaddiƙ bayan ya mayar da man fetur mallakar ƙasa, da kuma Afganistan a 1979, inda Tarayyar Sobiyat ta kashe Hafizullah Amin ta ɗora Babrak Karmal.

To, wace hujja aka kafa a kan Zubairu? An ce yana cinikin bayi, kuma yana hana fatauci a kogi. Ba za mu yi wa tarihi kwaskwarima ba: farautar bayi ta auku a Fombina, kuma jikokin waɗanda aka kama suna zaune tare da mu a azuzuwanmu. Duk wanda ya raina wannan hujja bai yi musu adalci ba. Sai dai muna tambaya: in tausayin bayi ne ya kawo jiragen, me ya sa tun 1893 Ingila da Jamus suka riga suka raba Adamawa a takarda, Yola a nan, mafi yawan ƙasarta a can, ba da sanin mai ita ba? Ashe biri ya yi kama da mutum. Hukunci aka fara yankewa, sannan aka nemo laifi. A ganinmu, laifin mai mulki, kome girmansa, ba ya halatta wa mai kwaɗayin kasuwarsa zama alƙalinsa.

Zubairu ya gwabza da Jamusawa a Garwa da Marwa, ya sha kashi, aka kashe shi a 1903 yana gudun hijira. Shi kuwa Bobbo Ahmadu, waɗanda suka ɗora shi su ne suka tuɓe shi a 1909, suka kai shi Lakwaja zaman dole.