Matan Gidan Da Suka Riƙe Cocin Scotland

A Scotland, idan tsohuwa 'yar Cocin Presbyterian ta rasu tana da shekara casa'in, sanarwar rasuwarta takan ambaci 'ya'ya da jikoki, sannan ta ambaci Guild, wato zumuntar matan coci.

Wani malamin coci, Archibald Charteris, shi ya assasa wannan zumunta a 1887. A lokacin mace ba ta hawa mumbari, ba ta zama cikin dattawan coci. Amma fa aikin yana hannunta. Matan gida su ne masu ɗinki da saƙa, su toya burodi da kek su sayar a harabar coci, su tara kuɗin kwabo-kwabo. Da irin wannan gumi suka tallafa wa asibitin Deaconess da aka buɗe a Edinburgh a 1894, inda a wancan lokacin ake koya wa mata jinyar marasa lafiya.

An daɗe ba a saka musu ba. Sai a 1966 aka yarda mace ta zama dattijuwar coci, a 1968 kuma aka ba ta damar limanci. A 1997 zumuntar ta buɗe ƙofarta ga maza.