Yadda Ake Koyar da Girki a Ƙasar Wurno, Rabah da Goronyo

Tun lokacin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗin Wurno, inda ya rasu a 1837, har zuwa zamanin Turawa, babu wata makaranta ta girki a wannan yanki. Makarantar ita ce gindin murhu. A garuruwa irin su Marnona, yarinya takan fara da ɗebo ruwa da hura wuta, sannan a ba ta taɓarya. Sai ta iya surfe da bakace da tankaɗe kafin a bar ta ta taɓa muciya, domin tuƙin tuwo shi ne matakin ƙarshe. Wadda ta yi talge ya yi gudaji, gida duka zai sani da dare. Fura ma haka take, tana da kirɓi da curi waɗanda sai hannu ya saba. Idan aka kai amarya, uwar miji ce ke ɗorawa, kuma ranar da ta karɓi girki ake sanin irin tarbiyyar gidansu.

Samari kuwa hanyarsu daban ce. Ɗan mahauci yakan koyi gashin tsire a tukuba da shanyar kilishi a hannun ubansa, ƙarƙashin Sarkin Fawa, 'ya'yan masunta na bakin gulbin Rima kuma su koyi bandar kifi.

Boko ya shigo da nasa tsarin. A 1939 aka buɗe cibiyar horar da mata a Sakkwato, inda kula da gida yake cikin darussa. Bayan shirin ilimin firamare kyauta na 1976 da tsarin 6-3-3-4 na 1982, darasin ya bazu zuwa makarantu. Sai dai sau da yawa a allo yake tsayawa, don ba kowace makaranta ke da tukunya da murhu ba, alhali yarinyar da ke aji da hantsi ta rasa lokacin daka a gida. Injin niƙa kuma ya rage aikin turmi.

Madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka kammala a 1984, ta ƙarfafa noman rani, shinkafa da albasa da tafarnuwa suka wadata. Kayan girki sun ƙaru ke nan, amma masu sanin haɗa daddawa daga kalwa da gasa hoce yawancinsu tsofaffi ne. Malamin da ke son darasinsa ya kama ƙasa zai iya gayyato irin waɗannan iyaye mata cikin aji, da turminsu da tandarsu.